Ƙanwar mijina ta nakasa mini ƙoƙi-ƙoƙi, shi kuma ya ce ƙwaro ne kawai

Assalamu alaikum Anti. Na rubuto miki ne saboda na rasa wanda zan kai wa kukana ba tare da ya yi mini dariya ba. Ina kiwon ƙoƙi-ƙoƙi, amma ba koren nan da kowa ya sani ba. Nawa irin na dazuzzukan Malesiya da Indunisiya ne, wanda masana ke kira Hymenopus coronatus, fari mai ratsin ruwan hoda, idan ya lafe a kan reshe sai ki rantse fure ne. Tun suna ƙanana nake ɗawainiya da su, ina ba su ƙananan ƙudaje, ina fesa musu ruwa, ina lura da ɗumin ɗakin dare da rana.

Babbar macen ta daina cin abinci, sai na gane lokacin saɓarta ya zo. Ta rataye a jikin ragar murfin, kanta a ƙasa, na kuma roƙi kowa a gidan kada a taɓa akwatin. Ina fita, ƙanwar mijina ta ɗauke shi ta kai bakin taga wai haske ya fi kyau a can, tana so ta ɗauki hoto ta nuna wa ƙawayenta. Macen ta faɗo da rabin tsohuwar fatar a jikinta, ƙafarta ɗaya ta gaba, wadda take kamun abinci da ita, ta bushe a karkace. Yanzu sai na riƙe mata ƙuda da hantsaki kafin ta ci.

Anti, yarinyar ba ta ba ni haƙuri ba. Da na gaya wa maigidan, cewa ya yi, "Yanzu a kan ƙwaro za ki ɓata da ƙanwata?" Na faɗa mata kada ta taɓa, kuma ta ji ni sarai, amma ni ce aka mayar mai laifi. Ba a ga wahalar da na sha ba, ba a ga ƙafar da ta lalace ba, ƙwaro ne kawai. Wani lokaci har nakan ce gara in buɗe taga in sake su duka kowa ya huta. Ni dai abin da yake cin raina shi ne na yi magana, aka take ta, sannan aka ce ba ni da hujjar fushi. Shin don abin da nake so ƙarami ne, sai ya zama ba shi da alfarma?

Taki, mai damuwa.

Wa'alaikumus salam 'yata. Ban ji ta bakin maigidanki da ƙanwarsa ba, don haka ba zan yanke hukunci a tsakaninku ba, sai dai duk wanda aka ce masa kada ya taɓa kayan wani ya taɓa, ya yi laifi, ko da kayan tsinke ne. Shi kuma maigida, girman abin da matarsa ta damu da shi ba a auna shi da girman jikinsa. Ki zaunar da shi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki nuna masa cewa maganarki da aka raina ita ce damuwar, ki nemi ya sa ƙanwarsa ta ba ki haƙuri, sannan ki mayar da akwatunan inda hannu ba ya kaiwa.

Ba ki gaya mini ko macen ta fitar da fukafukai a wannan saɓar ba, alhali a nan amsar take. Idan ba ta fitar ba, da sauran saɓa a gabanta, kuma ƙafar tana iya miƙewa ko ta gyaru a hankali. Idan kuwa fukafukai sun fito, ta gama girma, ba za ta sake saɓa ba, haka za ki ci gaba da ba ta abinci da hantsaki, kuma tana iya rayuwa a hakan.

Amma maganar da ta tsaya mini a rai ita ce wadda kika faɗa a wuce, cewa za ki buɗe taga ki sake su. 'Yata, ko a cikin fushi kada ki sake kawo wannan a ranki. Halittar da aka saba mata da danshin daji mai yawan ruwan sama da ɗumin da ba ya wuce digiri 25 zuwa 30, idan kika jefa ta inda ba ta sani ba, mafi kusa shi ne bushewar iska ko tsuntsu ya gama da ita, ke kuma ki ɗauka kin 'yanta ta. Idan kuma ta rayu, nan ma wata matsalar ce, domin mace guda da ta haɗu da namiji tana ajiye ƙwai a cikin kumfa mai sandarewa, 'ya'ya masu yawa su fito daga ciki. Babban ƙoƙi-ƙoƙin ƙasar Sin ya shiga Amurka ne a 1896 ta wajen birnin Filadelfiya, yau ya bazu a gabashin ƙasar, yana cin ƙwarin da ya tarar a can, har an sha ganin sa ya kama ƙananan tsuntsaye. Idan kin gaji da kiwon, ki nemi wani mai irin wannan sha'awar ki miƙa masa su.

Ga sauran masu karatu da hotunan intanet ke ruɗa su sayi irin waɗannan halittu, ina so ku san nauyin da kuke ɗauka. Akwai nau'in ƙoƙi-ƙoƙi sama da 2,400 a duniya, kuma kowanne da irin ɗumi da danshin da yake bukata, saboda haka ku san sunan naku kafin ya shigo hannunku, ku kuma bincika ko dokar ƙasarku ta yarda a shigo da shi. Kowane ɗaya da akwatinsa, domin suna cin junansu. Tsayin akwatin ya kai ninki uku na tsawon jikinsa, da raga a sama wadda zai rataya a lokacin saɓa, kuma idan ya daina ci a cire masa duk wani ƙwaro mai rai, musamman gyare, wanda ke iya cizon sa alhali jikinsa yana da taushi. Maganin sauro, na fesawa ko na hayaƙi, yana kashe shi. Abincinsa kuma mai rai ne, duk wanda ba zai iya kiwon ƙudaje ba ya haƙura tun farko. Yawancinsu ba sa wuce shekara guda, namiji ma bai kai haka ba, kuma ya kamata mutanen gida su ji duk wannan daga bakinku kafin akwati na farko ya shigo.

Ki rubuto mini bayan kun zauna da maigidan, ki kuma gaya mini batun fukafukan.