Filtar Mai Tana Tace Baƙin Mai Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban haya ne, ina bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Na yi juye na sa sabuwar filta, amma ba a daɗe ba na zaro geji na ga mai ya yi baƙi. To me filtar take tacewa? Wani abokin sana'ata ya ce ɓarnar kuɗi ce, shi da filta ɗaya yake juye uku, wani lokaci ma wanke ta yake da fetur ya mayar. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Filtarka tana aiki, sai dai baƙin da ka gani ba ya cikin abin da aka yi ta don ta cire.

Idan ka sa zarto ka yanka filta, abin da za ka tarar shi ne takarda mai kauri da aka nannaɗe ninki-ninki. Famfon mai yana turo mai ya ratsa wannan takarda kafin ya isa metal, wato 'yan ƙarafan da babbar sandar inji (karanshaf) ke juyawa a cikinsu, da sauran wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe. Aikinta irin na rariya ne: abin da ya fi ƙofarta girma ya tsaya, wanda bai kai ba ya wuce. Ana auna wannan da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai ɗaya wajen maikiron 70 ne. Filtar takarda ta gama-gari tana kama yawancin dattin da ya kai maikiron 30 zuwa 40. Masu kyau, waɗanda aka yi da zaren gilashi, suna kama kusan duk wanda ya kai maikiron 20. Ita kuwa tokar hayaƙin da ke baƙanta mai, ƙwayarta ba ta ma kai maikiron ɗaya ba, wucewa take abinta. Kamfanonin mai da gangan suke zuba sinadarin da ke riƙe wannan toka a cikin man, don kada ta taru ta zama kwalta a jikin inji. Saboda haka mai ya yi duhu ba laifi ba ne. A injin dizal nan da nan yake baƙi. A na fetur ya kamata ya ɗan jima, don haka idan naka ya yi saurin juyawa, ko dai tsohon datti ne sabon man ya kwaso, ko ringi ya fara gajiya hayaƙi na sauka ƙasa. Ka sa bakanikenka ya duba.

Wannan bambanci na maikiron 40 da 20 kada ka raina shi. Dattin da ya fi cin inji shi ne ƙananan nan da ke iya kutsawa tsakanin metal da karanshaf. Wani bincike da aka yi a kamfanin General Motors a 1988 ya nuna cewa sauya filta mai maikiron 40 da mai maikiron 15 ya rage zaizayar inji da kusan kashi 70 cikin ɗari. Ba za ka ji wannan a tuƙin yau ba, sai ranar da motarka ta kai shekarun da ta wani ta riga ta buga.

Yanzu ga maganar abokinka, wadda ita ce ta fi damuna. A cikin filta ko a mazauninta akwai wani bawul mai sifirin. Idan takarda ta toshe, yana buɗewa ya bar mai ya wuce ba tare da an tace shi ba, domin mai datti ya fi babu mai. Fitilar mai ba za ta kama ba, ƙara ba za ta canza ba. Mutum yana tafe yana ganin filta a maƙale, alhali tuni mai ya daina bi ta cikin takardar. Wankewa da fetur kuwa ba ya fitar da abin da ya nutse cikin takarda, kuma yana iya lalata gam da robar ciki. Sannan tsohuwar filta tana riƙe da tsohon mai, wanda zai gauraya da sabon da ka saya da tsada. Ni a garejina, duk juye da sabuwar filta yake tafiya.

Ka kuma kula da jabu, don ta cika kasuwa, fentin waje iri ɗaya da na gaske. Na sha yanka su in ga takarda 'yar kaɗan, wata ma ba bawul. Ɗauki ka ji nauyinta, ka leƙa ta ramukan gindi ka ga robar da ke hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota. Idan da safe ka tayar da inji fitilar mai ta jima ba ta mutu ba, ko ka ji ƙarar ƙarafa na ɗan lokaci, sau da yawa wannan robar ce ba ta riƙewa. Wajen ɗaurawa a tabbata tsohuwar robar baki ba ta manne a jikin inji ba, a shafa wa sabuwar ɗan mai, a ɗaure da hannu.

Ruwa, fetur da ya zubo cikin mai, da tsamin da mai ke yi idan ya tsufa, babu filtar da ke cire su. Juye a kan lokaci ne kawai maganinsu. Kai da kake kan hanya kullum cikin zafi da ƙura, ka bi gajeren wa'adin da littafin motarka ya tanada don aiki mai tsanani. Kuma yawancin yashin da ke shiga mai ta hanyar iska yake bi, don haka da hunturu ya kama ka riƙa buɗe iyakilina, wato filtar iska, kana dubawa, in ta yage ko bakinta bai zauna daidai ba ka canza ta.