Amsa ga yarona kan dokar fentin mota a Amurka da Turai

Yarona, ka tambaye ni ko gaskiya ne a Amurka da Turai mutum ba ya iya shiga shago ya sayi fentin da zai fesa wa tsohuwar motarsa a gida, kuma idan haka ne mene ne laifin fenti. Akwai gaskiya a abin da ka ji, amma ba haka kawai take ba, don haka ka saurara da kyau.

Ka san idan mun haɗa fenti da tina, wato ruwan sinadarin da ke tsinka fenti, muka fesa, abin da ke zama a jikin mota kaɗan ne. Sauran duk iska ke kwashewa, shi ne warin da ke bin mu har gida. Wannan tururin na tina, idan ya haɗu da hayaƙin salansa a ƙarƙashin zafin rana, yana rikiɗa ya zama wani hazo mai ƙona ido da maƙogwaro. Birnin Los Angeles ya daɗe yana fama da shi, shi ya sa jihar Kalifoniya ta fi ko'ina tsanani a wannan harka. Fentin da masu sha'awar tsofaffin motoci suka fi so kuwa, wato selulos irin na da, shi ya fi kowane shan tina. Suna son sa ne don yana bushewa da wuri, yana karɓar goge, in ka yi kuskure ka bi da samfefa ka sake, kuma shi ne ainihin abin da aka fesa wa motoci da yawa na wancan zamanin.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta kafa iyakar tinar da za a zuba a fentin gyaran mota a 1998. Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 2004, ta fara aiki a kan fentin mota ranar 1 ga Janairun 2007, inda ta ce fentin sama kada ya wuce giram 420 na irin wannan sinadari a kowace lita. Selulos ba ya iya sauka zuwa nan. Kamfanoni suka koma yin kalar da ake haɗawa da ruwa, shaguna kuma suka daina ajiye tsohon kaya. To ka ga, ba mai motar aka kama ba, gwangwanin aka canja masa.

Dokokin ma sun bar ƙofa. Ta Turai ta yarda ƙasa ta ba da lasisi na musamman a sayar da tsohon fenti kaɗan domin motar da aka tabbatar tana da darajar tarihi. A Amurka, dokar 2008 da ta wajabta wa gareji ɗakin feshi mai matatar da ke kama kashi 98 cikin ɗari na ƙurar fenti, da gan, wato bindigar feshi, mai ƙaramin matsin iska, da horar da mai feshi duk shekara 5, ba ta hau kan wanda bai wuce mota 2 a shekara ba. Duk da haka ina tausaya musu. Mutum ya shekara yana kankare tsatsa, yana cike fila, ya zo kan fenti mai shago ya ce sai gareji mai rajista yake sayar wa. Kalar ruwa kuma ba ta bushewa sai iska na bi ta kanta a hankali, tana son gan ɗin da ba ya tsatsa, tana son ɗaki mai tsabta. Mai mota ɗaya ba zai gina wannan ba. Da ni ake shawara, da an sauƙaƙa masa hanyar samun 'yan litocin da zai yi aikinsa, tunda abin da zai sake wa iska bai kai na babban gareji na mako guda ba.

Amma akwai wurin da nake tare da masu dokar ɗari bisa ɗari, kuma nan ne ya shafe ka: hadna, wato sinadarin da ke sa fenti ya taurare. Kiliya, wato shafin ƙarshe marar kala mai ba da sheƙi, da fentin tuke (2K) da muke zuba wa hadna suna ɗauke da sinadarin aisosayanet. Ko a can da suka koma kalar ruwa, kiliyar da ke kanta yawanci mai hadna ce. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe tana sanya masu fesa fentin mota cikin waɗanda asma ta wurin aiki ta fi kamawa, kuma tana cewa a fesa fenti mai hadna da abin rufe fuska mai kawo iska mai tsabta ta tiyo daga waje. Tarayyar Turai ta wajabta horo kafin ma'aikaci ya taɓa wannan sinadari tun daga 24 ga Agustan 2023. Muninsa shi ne hanci ba ya faɗa maka ya yi yawa, kuma ƙurarsa na nan tana yawo bayan ka saki gan, lokacin da kake ɗaga takunkumi don ka duba sheƙi. Ranar da ƙirji ya tsane shi kuwa, ɗan kaɗan ma zai tayar maka da numfashi, wani sai ya bar sana'ar gaba ɗaya da ƙuruciyarsa.

Mu nan ba wanda ke tambayarka takarda. Ka je Ƙofar Ruwa ko Fanteka da kuɗinka, a auna maka hadna a gorar ruwa, ka zo ka fesa a fili da hankici a hanci, yara na wucewa, mai abinci na gefe. Wannan hankicin ƙura kawai yake tarewa. Madarar da ake sha bayan feshi ma ciki take sauka, ba ta zuwa huhu, kada wani ya ruɗe ka da ita.

Saboda haka daga yau a garejin nan ba za ka fesa abin da ke da hadna ba sai da takunkumi mai gawayi da aka canja masa sabo, da safar hannu, da riga mai dogon hannu. Shi ma bai kai mai tiyo ba, kuma mai tiyon nake tara kuɗin sayo mana. Kada ka wanke hannu da tina. In ka gama shafi, ka fita daga wurin kafin ka buɗe fuska, ka kori ƙannenka daga inda iska ke kaɗawa. Idan kuma ka fara jin tari ko ƙirji ya ɗaure maka da daddare bayan aiki, ka faɗa mini da safe mu tafi asibiti, ka kuma gaya wa likita sana'arka da bakinka.