Ƙetare taɓon bakin teku da kwale-kwale

Malam, ka ce daga Zariya za ku wajen Bonny da ke gaɓar teku a jihar Ribas, ku ƙetare taɓon bakin teku da kwale-kwale mai inji, ku koma zangonku na daji kafin magariba. Kada ka auna ruwan can da na kogin Galma na Zariya. Sau biyu yake cika a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa kamar awa 6, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50.

Ku shiga yana hawa, domin ko kun kafe zai ɗaga ku. In ya fara janyewa, awa ta uku da ta huɗu ne masu haɗari, a nan rabin ruwan yake tafiya. Wuri marar zurfi ku ɗage inji ku tura da gora. Laka tana toshe kafar da inji yake shan ruwa, sai ya yi zafi ya mutu.

Fetur kashi uku: zuwa, dawowa, ajiya. Kowa da rigar ceto, kuma ku ɗauki ɗan gari.

A tsayuwar wata da daren sha huɗu ruwa ya fi cika, don haka ku kafa tanti sama da layin tarkacen da ya bari a gaɓa.