Ƙanena na Roquefort, kada ka wuce wata shidan nan

Wani ƙanenmu ɗan Garwa ya rubuto daga gonar tumaki kusa da ƙauyen Roquefort a kudancin Faransa. Katinsa na aikin lokaci ne, wata shida ya kusa cika, kawunsa ya ce kada ya kuskura ya dawo sai an yi bikin ƙanwarsa, wani dillali a Paris kuma yana neman yuro 3,000 wai zai juya masa katin ya zama na dindindin.

Ƙanena, wannan dillalin ɓarawo ne, ban rage ba. Katinka yana kai shekara 3 amma sharaɗinsa wata 6 cikin 12, sauran kana gida. In ka wuce, ka ba firefektir na Rodez, ofishin gwamnati mai ba baƙi katin zama a yankinku, dalilin ƙwace shi. Dillalin zai ce maka ai akwai dokar Janairu 2024 mai ba da katin zama ga masu aiki a sana'o'in da ake ƙarancin ma'aikata, eh akwai, amma watannin da ka yi da katin lokaci ba a ƙirga su, wannan ba zai taɓa faɗa maka ba. Na ga yaran da suka biya irinsa, waya ta daina shiga, kuɗi ya tafi. Ka tuna ƙauyen Nesle-le-Repons na yankin Champagne a 2023, 'yan Afirka sama da 50 da aka kwaso daga Paris tsinkar inabi aka jibge su a gidan da ko akuya ba za ka ɗaure ba.

Ka ce ƙauyen ya ishe ka, shiru, sanyi, ko shinkafa sai ka je Saint-Affrique. Na yarda kaɗaici ba wasa ba ne. Amma ka duba inda Allah Ya sauke ka mana. Mutanen ƙauyen ba su kai dubu ba, manne suke a jikin dutsen Combalou, cikin kogunansa ake ajiye cuku iskar da ke bi ta tsagogin dutse tana nunar da shi, tun 1925 doka ta ce ba a kiran cuku Roquefort sai wanda ya nuna a nan, kuma da nonon tumakin Lacaune ake yinsa, waɗannan da kake tatsa da asuba. Wanda ya iya tunkiya yana da daraja a wurin nan, a Paris kai ɗaya ne cikin dubbai.

In maigidanka yana son ka zauna, shi zai nemi izinin aiki, kai ka koma ka nemi biza daga gida. Ka adana takardun albashinka duka, ka tabbata ya yi maka rajista a MSA, asusun inshorar ma'aikatan gona, ka tuntuɓi Cimade, ƙungiyar taimakon baƙi, kyauta suke duba takardu.

Kawu kuwa, da girmansa, bai yi maka adalci ba. Ba shi ɗan sanda zai tare ba. Kayan ɗaki na biki ɗaya bai kai a ƙone hanyar shekara uku ba. Ka kira Inna da kanka ka yi mata bayani, ka tura abin da ya sawwaƙa, ka yanki tikitinka tun yanzu kafin ya yi tsada.