Amsa ga mai tambaya kan karatun ƙanwarsa a Kano

Salamu alaikum. Malam mai tambaya, tun jiya da daddare na ga abin da ka rubuto, cewa ƙanwarka ta gama sakandare ta ci 186 a JAMB, tana son karatun jinya a BUK, wato Jami'ar Bayero, kuna zaune a Naibawa, kana tambaya ko ta haƙura ta sake JAMB baɗi ko kuwa ta nemi wata makarantar a nan cikin Kano. Na ga mutane sai "Allah ya sa a dace" suke ta rubuto maka, to amin, amma ni bari in ɗan ja bayanin don wannan ramin na taɓa faɗawa cikinsa da ƙafata, ka yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ni na gama sakandare a 2006, kuma a lokacin in ba likita ba babu abin da nake ji babu abin da nake gani, har a unguwa an fara ce min dakta. JAMB uku na zana a jere, kowace shekara likitanci nake cikewa, kowace shekara in ga makina ya fi na bara da ɗan kaɗan sai in ce to saura ƙiris. Shekara uku ina zaman majalisa a bakin shagon wani abokina mai cajin waya. A shekara ta biyun ma wani mutumi ya zo ya ce yana da hanya a sama, mahaifiyarmu ta sayar da tumakinta biyu aka ba shi kuɗin, har yau ɗin nan da nake maka rubutu ban sake saka shi a idona ba, Allah ya isa kawai muka yi. Sai wani kawunmu da yake koyarwa ya zaunar da ni ya ce kai yaro, sa'anninka suna aji uku kai kana nan kana jiran a kira ka dakta, tashi ka je FCE, kwalejin ilimi ta tarayya. Da kyar na yarda don gani nake an rage min daraja. Na yi NCE a fannin Bayoloji da Kemistiri a nan Kabuga, na gama na cike DE, wato fom ɗin shiga jami'a kai tsaye, na shiga BUK daga aji biyu, yanzu haka koyarwa nake a wata sakandare kuma duk shekara sai na cike wa ɗalibaina fom, shi ya sa nake ganin irin wannan matsalar kullum.

To gaskiyar da zan gaya maka, kada ta zauna a gida. Ko da za ta sake JAMB ɗin, ta sake tana cikin wata makarantar. Yarinya in ta shekara ba ta buɗe littafi ba kan ya yi sanyi, ga aikin gida ga surutun dangi, kafin ka ankara wani ya turo iyayensa, shikenan maganar karatu ta koma sai abin da miji ya ce. Ba wai auren ne laifi ba, amma ya same ta da rajista a hannu ya fi.

Maganar BUK kuma, ba a raina ta, tun 1977 take cikakkiyar jami'a, kafin nan kwalejin Abdullahi Bayero ce a ƙarƙashin ABU Zariya, kuma ta tarayya ce, ma'ana ba 'yan Kano kaɗai ke nema ba. Mutumin Jigawa da Katsina da Bauchi da Kogi har da na kudu duk nan suke cikewa. A jami'o'in tarayya ana raba gurbi ne kashi 45 cancanta zalla, kashi 35 'yan jihohin da ke kewayen makarantar, kashi 20 jihohin da aka bari a baya a boko. Mutane suna jin an ce mafi ƙarancin makin shiga kaza ne sai su ɗauka duk wanda ya haura ya samu, alhali wannan makin na tsayawa a layi ne kawai, kowane kos da nasa tsayin katangar, kuma jinya da likitanci da haɗa magunguna da lauya su ne masu doguwar katanga don kujerun kaɗan ne, hukumomin da ke kula da sana'ar su ke ƙayyade adadin da za a ɗauka. Da 186 a jinya, ban ce Allah ba zai iya ba, amma in ƙanwata ce ba zan bar ta ta jingina da wannan bangon ba.

Abin da za ku fara yi, ka ɗauko sakamakonta na WAEC ko NECO ka duba da idonka, kar ka ce ta gaya maka. Jinya tana son kiredit biyar, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Sau nawa ina ganin yaro yana ta kukan JAMB ashe Fiziks ɗinsa D7 ce, shekara biyu yana gyaran rufi alhali tushen ginin ne ya tsage. In akwai gibi a nan to shi za a fara cikewa.

In takardun sun cika kuma jinyar take so har zuciyarta, ba sunan jami'a take so ba, ai hanyar jinya ba ɗaya ba ce a Kano. Akwai makarantar jinya ta asibitin Malam Aminu Kano, ga ta nan kan titin Zariya kusa da ku ma, akwai na gwamnatin jiha, ta cikin gari da ta Madobi da ta ungozoma a Dambatta, ga School of Hygiene da makarantar fasahar lafiya ga mai son ɓangaren lafiyar al'umma. Su ma fa ana turmutsutsu, ba wai a banza ake shiga ba, amma ƙofa biyar ta fi ƙofa ɗaya. Wadda ta fito ta ci jarrabawar hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa ta karɓi lasisinta ma'aikaciyar jinya ce cikakkiya, daga baya in tana son digirin sai ta koma ta DE tana aikinta tana ɗaukar albashinta. Ina da ɗalibai mata da suka bi ta nan, wasu har sun riga waɗanda suka tsaya jiran jami'a fara aiki.

Amma a nan ɗin ne zan ja kunnenka sosai. Garin nan ya cika da ƙananan makarantun lafiya masu zaman kansu, gida mai ɗaki huɗu a lungu an kafa allo an ɗinka wa yara fararen kaya, iyaye suna ganin yunifom sai hankalinsu ya kwanta. Akwai na ƙwarai a ciki, akwai kuma waɗanda gwamnati ta sha rufewa don ba su da izini. Wata 'yar maƙocinmu shekara uku ta yi a irin wannan, aka yi walima aka yi anko, da ta je neman lasisi aka ce ba a san da zaman makarantar ba. Kafin ka biya ko sisi ka ce a nuna maka takardar amincewar hukumar da ke ba da lasisin wannan kos ɗin, ba takardar rajistar kasuwanci ba, kuma ka nemi wanda ya gama a can ka tambaye shi ina lasisinsa.

In kuma digirin ne dai dole, sai ku je cibiyar JAMB a canza mata kos ko makaranta tun kafin a rufe. Da makin nan za a iya gwada kwasa-kwasan kimiyya ko na koyarwa. Akwai Northwest ta jiha wadda aka kafa a 2012, akwai ta kimiyya da fasaha ta Wudil da yanzu ake kira Aliko Dangote, ga makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi a ƙofar gidanku, ga Kano Poly, ga CAS, kwalejin share fagen shiga jami'a, in za ta yi jarrabawar IJMB ta shiga aji biyu kai tsaye. Wajen cike fom ku lura da suna don an yi ta sauye-sauye, Northwest ɗin a 2017 an mayar da ita Yusuf Maitama Sule, daga baya aka dawo mata da sunanta na farko, sannan tsohuwar FCE ɗinmu ta Kabuga da ta zama jami'ar ilimi ta tarayya ita aka saka wa sunan Ɗan Masanin, wato Maitama Sulen. Yaron kafe in yana sauri sai ya danna maka wadda ba ita kake nufi ba, ka tsaya a kansa ka karanta kafin ya tura.

Sai abin da ba wanda yake lissafawa sai an shiga, kuɗin mota. Mutane suna tambayar nawa ne rajista, rajista sau ɗaya ce a shekara, a daidaita sahu kuwa kullum ce. Lokacin da nake BUK a Hotoro muke, lakcar ƙarfe takwas a sabuwar jami'a sai na fito ana idar da asuba, in hau in sauka in sake hawa har Kabuga, sannan in nemi ta Rijiyar Zaki, ranar da aka yi ruwa kuwa sai dai labari. Wannan fa tun kafin a cire tallafin mai a 2023, yanzu kai ma ka san yadda abin yake. Daga Naibawa zuwa sabuwar BUK ratsa gari ne gaba ɗaya, in ba ta samu hostal ba ka zauna da biro ka lissafa zuwa da dawowa kwana biyar a mako har wata huɗu, ka ɗora abincin rana da handawut, za ka ga ya kusa kamo rajistar ko ya wuce ta. Wudil kuma ba wajen jeka-ka-dawo ba ne ga mace, sai dai ta zauna can, to Hajiyarku za ta yarda? Wannan a tambaye ta tun yanzu, kar sai admishan ya fito a fara rigima a gida.

Na kuɗi irin su Skyline da MAAUN da Khalifa Isyaka Rabi'u suna nan, kuma amfaninsu ba ruwansu da yajin aikin ASUU, wanda a 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Amma tunda ba ka yi maganar su ba na ɗauka aljihun irin nawa ne, kar ka ci bashi ka saka ta aji ɗaya a zo aji biyu a kasa, wannan ya fi rashin shigar ciwo. A na gwamnati akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, in ta samu gurbi ta cike, ɗalibaina da yawa da shi suka yi rajista.

Kuma don Allah duk wanda ya biyo ka ta bayan fage ya ce kawo kaza zai samo mata gurbi, ka tuna da tumakin mahaifiyata. Yanzu admishan in bai fito a shafinta na JAMB ta danna ta karɓa ba to babu shi, ko wace irin takarda aka buga aka ba ka, kuma a ƙarshe wajen tafiya bautar ƙasa asirin yake tonuwa. Lambar sirrinta ma kar ta bar wa mai kafe.

Ka rubuto min abin da ta samu a darussa biyar ɗin nan, da kuma ko a zama ɗaya ta same su ko biyu, sai in gaya maka wadda ni zan fara gwadawa. Gobe ina da aji har ƙarfe biyu, sai bayan la'asar zan duba waya.