Tambaya da Amsa: Inbatoci Suna Daina Amsa wa PLC Idan Babban Inji Ya Tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da lantarki a wata masana'anta. PLC ɗinmu, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injuna, yana magana da inbatoci 14 (na'urorin da ke daidaita gudun inji) ta tsarin sadarwa na Modbus RTU a kan wayar sadarwa ta RS-485 mai tsawon kusan mita 300. Komai lafiya lau, amma da zarar an tayar da babban inji sai biyu ko uku su yi shiru, lambobin da ke allo ma su riƙa makara. Na ɗaga gudun sadarwar daga bit 9600 zuwa 115200 a daƙiƙa, abin ya ƙara dagulewa. In sake rubuta manhajar ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Ka bar manhajar nan tukuna. Matsalar da ke jiran inji ya tashi kafin ta fito, a waya take kwana. Inbata tana yanka wutar lantarki sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wannan yankan yana watsa hayaniya ga duk wayar da ke maƙwabtaka da ita. Da ka ɗaga gudu, ka gajarta lokacin kowane bit, wato ƙwayar saƙo mafi ƙanƙanta (0 ko 1), don haka 'yar hayaniyar da a da ake tsallakewa yanzu ta isa ta ɓata saƙo. Mayar da shi 9600 ko 19200.

Sannan ka kashe wuta, ka sa mitar awon lantarki tsakanin layin A da layin B, wato silin waya biyu da saƙon RS-485 ke bi. RS-485 yana buƙatar rizista (ɗan abin da ke rage kwararar lantarki, ana auna shi da om) mai om 120 a kowane ƙarshe na layin, biyu kacal, ba ƙari ba ragi. Idan suna nan, mita za ta nuna kusan om 60. Ka ga 120, ɗaya ta ɓata. Ka ga 40, akwai ta uku a ɓoye. Na taɓa kwana biyu a kan irin wannan: ashe wata inbata da ke tsakiyar layi an kunna ɗan makunnin rizistarta tun ranar da aka kafa ta, ba wanda ya lura. Tun daga ranar, awon nan nake fara yi kafin in buɗe kwamfuta.

Bi wayar da idonka da ƙafarka. Daga wannan na'ura zuwa waccan ya kamata ta tafi, kamar carbi, ba ta fito daga wuri ɗaya ta yi rassa ba. Ta zama murɗaɗɗiyar waya mai rigar ƙarfe, a haɗa rigar da ƙasa yadda littafin na'urar ya ce. In ka tarar an kwantar da ita a hanya ɗaya da kebul ɗin inji, to ga ɓarawonka nan. Raba su, inda dole su haɗu kuwa su gitta juna, kada su jeru.

Makarar allo kuma wani ciwo ne daban, kuma shi ne ya fi damuna, domin mutane da yawa gudun sadarwa suke ɗora wa laifi. Modbus, tun da kamfanin Modicon ya fito da shi a 1979, tsarinsa ɗaya ne: shugaba (a nan PLC) ya yi tambaya, mabiyi ɗaya (inbata) ya amsa, sauran su jira. A gudun 9600, kowane harafi, wato bayit ɗaya, yana cin kusan milisakan 1.15. Tambayar karatu bayit 8 ce, amsar rajista ɗaya, wato gurbin da na'ura ke ajiye lamba, bayit 7. Idan kana karanta rajista goma ɗaya bayan ɗaya, bayit 150 ke nan, kusan milisakan 170, ban da shirun haruffa uku da rabi da ake bari tsakanin saƙonni. Karanta gomar a tambaya ɗaya, in suna jere, bayit 33 ne, ƙasa da milisakan 40. Ƙa'idar ta yarda ka kwaso har rajista 125 a lokaci guda.

Duba kuma lokacin jiran amsa. In an sa daƙiƙa ɗaya da maimaici uku, inbata guda da ta yi shiru za ta tsayar da sauran 13 na daƙiƙoƙi a kowane zagaye. Auna lokacin da inbatocinka suke ɗauka kafin su amsa, ka ba su rara kaɗan a kai, ka rage maimaicin zuwa ɗaya ko biyu. Abin da ba ya saurin canzawa, irin zafin inji, ba sai an tambaye shi kowane zagaye ba.

Tambaya: Injiniya, littafin na'urata ya ce gudun inji yana rajista 40010, amma abin da nake karantowa ba shi ba ne. — Ɗaliba

Amsa: Malama, lissafin littafi daga 40001 yake farawa, amma a kan waya adireshin farko sifili ne. Saboda haka 40010 shi ne adireshi 9. Wasu manhajoji suna cire ɗayan da kansu, wasu ba sa yi. Gwada 9. In lambar mai bit 32 ce, rajista biyu ta cinye, kuma kamfanoni sun saɓa kan wacce ke zuwa farko. Ki juya su ki kwatanta da abin da allon na'urar ke nunawa.