Amsa kan gwanayen anime da wasannin bidiyo na 2023

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Ɗan uwanmu ya tambaya jiya da dare cewa kowa ya faɗi anime (wato katun ɗin Japan) da wasan bidiyon da suka fi burge shi a shekarar 2023, kuma na ga yawancinku kun riga kun tsaya a kan anime ɗin Jujutsu Kaisen da wasan ƙwallon ƙafa na FC 24. Ni zaɓina ya sha bamban da naku, shi ya sa na ga gara in yi bayani da murya. Wanda bai kalli Vinland Saga ba ya yi haƙuri, domin zan taɓo wani abu daga cikin labarin.

A ɓangaren anime, zango na biyu na Vinland Saga na ɗora a gaba. Kamfanin MAPPA ne ya yi shi, kashi 24, daga Janairu zuwa Yuni, kuma ina sane da cewa a nan zauren aka riƙa yi masa ba'a ana cewa ya koma shirin noma. Gaskiya ne akwai noma a ciki. Thorfinn, wanda ya ƙare zango na farko ba shi da wani buri sai ɗaukar fansar mahaifinsa, ya wayi gari bawa a gonar Ketil a ƙasar Denmark, tare da wani bawan mai suna Einar da aka kamo daga Ingila. Ubangidansu ya ba su daji ya ce su yi sassabe, su shuka alkama, su sayar, su fanshi kansu da kuɗin. Sai ka zauna kana kallon mutum biyu suna fama da kututture, suna neman aron doki a wurin tsoho Sverkel, shi kuma ba ya ba su sai sun biya da aikin gidansa. A cikin wannan jinkirin ne mai kallo yake gane nauyin rayukan da Thorfinn ya kashe, domin da dare ba ya iya barci saboda mafarkinsu, kuma abokin aikinsa mutum ne da irin su Thorfinn suka ƙone wa ƙauye. Da aka zo wurin da ya tsaya ya karɓi naushi 100 ba tare da ya rama ba, don kawai a bar shi ya gana da Canute, sarkin Denmark da Ingila, na ji abin a jikina fiye da duk faɗan da na kalla a shekarar. Da an hanzarta labarin kamar yadda wasunku suka so, da wannan wurin bai yi armashi ba.

Na biyu shi ne Frieren na kamfanin Madhouse, wanda aka fara a ranar 29 ga Satumba da kashi huɗu a jere. Labarin ya soma ne daga inda sauran labarai suke ƙarewa, wato bayan an kashe sarkin shaiɗanu an dawo gida. Ita Frieren tana cikin jinsin da ke rayuwa fiye da shekara 1,000, saboda haka tafiyar shekara 10 da ta yi da jarumi Himmel ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, sai da ya tsufa ya mutu sannan ta fahimci ba ta ma tsaya ta san shi ba. Abin da ya hana ni ba shi na ɗaya shi ne bai ƙare a 2023 ba, ya ci gaba har cikin 2024.

Jujutsu Kaisen kuwa ban raina shi ba, domin zanen faɗan da aka yi a unguwar Shibuya ta birnin Tokyo ya kai a yaba. Sai dai bayan an kulle Gojo, malamin da ya fi kowa ƙarfi a labarin, faɗa ya riƙa bin faɗa, mutuwa tana bin mutuwa, har ba a ba mai kallo sararin yin jimami. Ku lura kuma MAPPA ɗin nan ɗaya ce ta fitar da shi, da Vinland Saga, da ƙarshen Attack on Titan a watan Nuwamba, duk a shekara guda, kuma masu zanen sun fito fili sun koka da yawan aiki.

A wasanni, gwanina shi ne The Legend of Zelda: Tears of the Kingdom, wanda Nintendo ta fitar ranar 12 ga Mayu, aka sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. Abin da ya kama ni shi ne baiwar da ake kira Ultrahand, wadda ke ba ka damar ɗaga katako da taya da fanka ka manna su yadda ka ga dama. Idan ka iso bakin kogi, wasan ba ya gaya maka yadda za ka haye. Kana iya haɗa kwale-kwale, kana iya jera gungume ka yi gada mai tsawon gaske, kana kuma iya ƙera abin da zai tashi da kai sama ya kife a tsakiyar ruwa, ka sake sabon lale. Ga duniyar hawa uku ce, tsibiran sama da doron ƙasa da kuma ƙarƙashin ƙasa mai duhu, duk a kan Switch, na'urar wasa ta Nintendo da ta fito tun 2017. Kasancewarta mai batir ma wata fa'ida ce a wurinmu, tunda ɗauke wuta ba ya katse maka wasa.

Na san Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam ne ya lashe kambun gwarzon shekara a bikin The Game Awards cikin watan Disamba na 2023, kuma ya cancanta. Faɗansa bi da bi ne, kana jefa ƙwaya irin ta lido mai fuska 20 domin sanin ko abin da ka yi niyya zai yiwu. Matsalarsa a wurinmu nauyi, domin ya haura gigabait 100, kuma yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi ko PS5 ko sabuwar Xbox.

FC 24 da kuka zaɓa, ni ma shi nake bugawa idan mun haɗu, amma ban ga abin da ya sauya sosai ba, ban da cire sunan FIFA bayan kusan shekara 30, da shigar da 'yan wasa mata cikin Ultimate Team, sashen da kake haɗa ƙungiyarka da kanka. Ɗan uwan da ya yi tambayar, idan Vinland Saga za ka fara, ka soma da zango na farko na 2019, domin ba za ka fahimci na biyun ba sai da shi.